Yadda ake gane irin kaskar da ke jikin shanu da tumaki

Tambaya: Ina kiwon shanu da tumaki a bayan Bukuru. Cikin shanun akwai Bunaji, akwai kuma ruwa-biyu na madara. Duk wata nake feshi, amma kaska ba ta ƙarewa. Ina ganin wata mai zane a bayanta, wata mai ruwan toka, wata kuma mai jajayen ƙafafu a gindin wutsiyar tumaki. Shin iri ɗaya ce take canza kama idan tana girma, ko kowace da irinta? Kuma ta yaya zan bambanta su?

Amsa: Malam, kowace da irinta. Ukun nan da ka lissafa rayuwarsu daban, cutar da suke ɗauka daban, kuma kwanakin da suke yi a jikin dabba ba ɗaya ba ne. Feshin wata-wata bai dace da ko ɗaya cikinsu ba. Mai ruwan tokar nan cikin kamar mako 3 take gama shan jini ta faɗi ƙasa ta yi ƙwai, macen mai zane kuwa mako 1 zuwa 2 ya ishe ta. Kafin watan ya zagayo sun gama abin da ya kawo su.

Ganewa daga wajen cirewa take farawa, domin rabin alamomin da ake dubawa a baki suke, kuma baki shi ne abin da ke tsinkewa ya maƙale a fata idan aka fizge da yatsa. Ka sami hantsaki, ka kama kaskar dab da fata, a inda bakinta ya shiga, ka ja a hankali a miƙe, ba murɗawa ba fizga. Kada ka shafa mata kalanzir ko baƙin mai don ta saki. Ka jefa ta cikin ƙaramar kwalba mai sifirit, irin wanda ake sayarwa a kemis. Idan mai ƙarfi ne sosai, a haɗa kashi 7 na sifirit da kashi 3 na ruwa mai tsabta. Ka yanki takarda, ka rubuta da fensir, don sifirit yana wanke tawadar biro: kwanan wata, unguwa, wace dabba ce, da wurin da aka cire a jiki. Takardar ta shiga cikin kwalbar. Na kunne kwalbarsu daban, na hantsa daban, na gindin wutsiya daban, domin wurin da kaska ta zaɓa shi kansa shaida ne.

Mutane sukan tsinci manya-manyan da suka ƙoshi su kawo, alhali su ne mafi wuyar ganewa. Macen kaska idan ta cika da jini jikinta yakan kumbura ya shafe alamomi, kusan kowace iri ta koma launin toka. Namiji ba ya kumbura haka. Akwai wata garkuwa mai tauri a bayan kaska: a namiji ta rufe bayan gaba ɗaya, a mace kuwa 'yar ƙarama ce a kusa da kai, sauran jikin fata ce mai miƙewa. Saboda haka ka nemi maza, da matan da ba su ƙoshi ba. Sau da yawa idan ka ɗaga macen da ta kafe za ka tarar da namijin a ƙarƙashinta.

Sai ƙafafu. Wadda ta ƙyanƙyashe daga ƙwai ƙafa 6 gare ta, girmanta bai kai milimita 1 ba. Idan ta sha jini ta yi saɓa sai ta fito da ƙafa 8, amma ba ta balaga ba tukuna. Wannan mu kira ta matashiya. Ta sake sha ta sake saɓa, sannan ta zama babba, namiji ko mace. Jarirai da matasa ba a gane irinsu da ido, aikin ɗakin bincike ne. Idan ka ga ƙwaro mai ƙafa 6, dogo, yana yawo cikin gashin maraƙi bai kafe baki ba, wannan ƙwarƙwata ce.

Ka ɗora babbar kaska a kan farar takarda a inda akwai haske, da gilashin ƙara girma mai ninki 10 idan kana da shi. Kyamarar waya ma tana taimakawa. Abin da za ka fara dubawa baki ne: dogo ne da ya fito zaƙwai a gaba, tsawonsa ya fi faɗinsa nesa ba kusa ba, ko gajere ne dunƙulalle? Wannan kaɗai ya raba kaskar dabbobinmu gida biyu.

Masu dogon baki iri biyu ne, kuma dukkansu akwai zobe-zobe masu haske a gaɓoɓin ƙafafunsu. Garkuwa ce ke raba su. Idan akwai zane mai ƙyalli, ruwan goro ko na jan ƙarfe, wani lokaci da ɗan kore a gefe, wannan ita ce Amblyomma variegatum, wadda Fulanin Filato ke kira koti. Babba ce, milimita 6 zuwa 7 tun kafin ta sha jini, mace kuwa idan ta ƙoshi takan kai santimita 2. A nan ake yawan kuskure: zanen mace ɗan tabo ne kawai a ƙarshen 'yar garkuwarta, sauran jikin baƙi, sai a ɗauka wata iri ce. Ka goge datti ka duba kusa da kai.

Koti ƙasan dabba take bi: fatar da ke reto a ƙarƙashin wuya, ƙirji, hammata, ciki, hantsa, maraina da matsematsi. Maza ne ke fara kafewa, su fitar da wani wari da ke kiran mata, shi ya sa ake samun su a dunƙule wuri guda. Dabba uku take hawa a rayuwarta, kowane mataki da tasa, tana sauka ƙasa a tsakani. A yanayin Jos manyan da ruwan farko suke fitowa, su yi yawa daga wajen Mayu zuwa Yuli. Jarirai sai ƙarshen damina, matasa kuma da sanyin hunturu. Mace guda takan zuba ƙwai 12,000 zuwa 20,000, don haka duk ƙosasshiyar da aka cire aka yar a cikin garke, shuka aka yi. A jefa ta a wuta ko a gwangwanin kalanzir.

Ɓarnarta uku. Dogon bakin nan yana huda fata da zurfi, wurin ya yi ƙurji, ƙuda ya zuba tsutsa, saniya ta rasa kan nono ɗaya ko biyu. Na biyu kirci: yawun babbar koti yana raunana garkuwar jikin dabba, kuma garken da koti ta yi wa yawa da damina shi ne kirci ke yi wa mugun kamu. Na uku, wanda ya fi saurin kisa, ciwon ruwan zuciya da ƙwayar Ehrlichia ruminantium ke haddasawa. Kamar mako 2 bayan cizo zafin jiki ya haura digiri 41, dabba ta riƙa ɗaga ƙafa sama-sama tana tafiya, tana zagaye, tana tauna ba komai a baki, daga nan ta faɗi tana shure-shure. Idan aka feɗe sai a tarar da ruwa a jakar zuciya da ƙirji. Bunajin da aka haifa a nan galibi suna da juriya. Ruwa-biyunka da tumaki su ne abin ji, musamman Uda da Balami da aka ɗauko daga busasshiyar arewa inda koti ba ta da yawa. Matashiyar koti ma tana ɗaukar wannan cuta, ga ta ƙarama, ba ta da zane, tana ɓuya a ƙafafu da kunne. Shi ya sa rago ke mutuwa da alamun ciwon a watan Disamba mai shi ya rantse bai ga kaska ba.

Akwai wata ɗabi'a tata mai amfani ga mai kiwo. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna cewa manyan koti a wajen kiwo tsakanin kofato suke fara maƙalewa, sai dabba ta kwanta da dare sannan su haura hantsa da ƙirji. Wanda ya gina ɗan kwarmin magani a ƙofar garke, shanu su taka su wuce da yamma in sun dawo, ya tare yawancinsu tun kafin su kai inda suke ɓarna, kuma da magani kaɗan.

Idan baki dogo ne, ƙafafu da zobe, amma garkuwar baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu ba zane ko kaɗan, Hyalomma ce. Dogayen ƙafafu gare ta, idanunta ƙulu-ƙulu a gefen garkuwa, kuma idan ka sake ta a ƙasa gudu take yi. Ba ta jira a kan ciyawa, ita ke bin dabba. Biyu aka fi samu a nan. Namijin Hyalomma truncatum bayansa sumul yake yana sheƙi, sai wani ɗan loɓawa mai ɗige-ɗige a ƙarshe, kuma tana son gashin ƙarshen wutsiya, matsematsi da tsakanin kofato. Hyalomma rufipes ta fi girma da faɗi, bayanta duk ɗige-ɗige ne, tana taruwa a fatar da ba gashi kewaye da dubura da farji. 'Ya'yansu a jikin zomo da tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa suke girma, manyan ne kawai ke zuwa wa dabbobinka, don haka feshi ba ya taɓa ƙarar da su. Tunkiyar da ke ɗingishi, kafin a ce ruɓewar kofato ce, a buɗe tsakanin kofaton a duba. Kaska ɗaya tak tana gurguntar da ita.

Ina roƙonka da kai da yaran da ke maka kiwo, kada a fasa Hyalomma da farce, balle da haƙori. Ita ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda dabba ba ta nuna alamarsa amma yana kashe mutum, kuma an taɓa samun ƙwayar a kaskar Najeriya. Koti ma tana sa wa mutum wani zazzaɓi mai barin baƙin tabo a wurin cizo.

Yanzu masu gajeren baki. Mai jajayen ƙafafun da ka gani a tumaki ba ta da wuyar ganewa: Rhipicephalus evertsi. Garkuwa baƙa mai yawan ɗige-ɗige, ƙafafu ja ko ruwan goro daga sama har ƙasa ba zobe, tana zaune a gindin wutsiya kewaye da dubura. Jajayen ƙafafun kan sa a rikita ta da Hyalomma, tunda wuri ɗaya suke zama, amma gajeren baki da rashin zobe sun raba gardama. Jariranta da matasanta can cikin ramin kunne suke, inda feshi ba ya kaiwa sai an nufe shi. Idan manyan suka yi yawa a jikin 'yan raguna suna iya shanye musu ƙafafu, kuma yawanci sukan miƙe bayan an cire kaskar. Tana son doki da jaki ƙwarai.

Sauran danginta ruwan ƙasa ne bai ɗaya, milimita 3 zuwa 5, ƙafafu ma ruwan ƙasa, gindin bakinsu mai kusurwa 6, gefen bayansu da 'yan tsage-tsage. Yawanci a kunne ake samunsu, wasu a wutsiya da ƙafa. Akwai Rhipicephalus guilhoni, akwai turanicus, akwai sanguineus wadda asalinta ta kare ce. Raba waɗannan ko ƙwararru sai sun zauna da madubin ɗakin bincike, kuma ga mai kiwo sanin cewa kaskar kunne ce mai hawa dabba uku ya wadatar.

Wadda nake so ka fi mai da hankali a kanta ita ce mai ruwan tokar nan, wadda aka fi rainawa. Makiyaya sukan sa ta cikin ƙananan da suke kira miri, su tsince koti su bar ta. Sunan rukuninta Boophilus, yanzu an mai da shi ƙarƙashin Rhipicephalus. Bakinta ya fi na kowa gajarta, ƙafafunta sirara ne farare-farare, bayanta ba tsage-tsage, ba zane. Namiji milimita 2 ne da ɗan kai, sai an duba da kyau. Mace idan ta ƙoshi takan kai kamar santimita 1, launinta toka mai shuɗi-shuɗi, kamar ƙwayar zurma. Ba ta zaɓar ɓoyayyen wuri: wuya, kafaɗa, haƙarƙari, fuska, ciki, duk tana bazuwa. Dabba ɗaya take hawa tun tana jaririya har ta faɗi, shi ya sa idan ka shafa wuyan saniya za ka ji ƙanana da manya a cakuɗe. Ita ce ke kawo fitsarin jini, wato cutar Babesia, wadda uwa ke zuba wa ƙwanta, da kuma Anaplasma marginale mai sa ƙarancin jini, idanu da dasashi su yi ɗorawa, kashi ya bushe, nono ya ɗauke. Sau da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin sammore, a yi ta allurar da ba ta magance shi.

Wani bincike da aka yi a watan Oktoba na 2010 a ƙananan hukumomin Bokkos, Mangu da Pankshin ya tattara kaska sama da 5,000 daga shanu fiye da 200, aka sami iri 11. Kashi 41 cikin 100 Boophilus decoloratus ce, 'yan'uwanta annulatus kashi 15 da geigyi wajen kashi 8, koti kashi 6 kacal. Gaskiya ne Oktoba lokacin raguwar manyan koti ne, amma duk da haka lissafin ya nuna inda yawan yake. A wancan binciken ba a sami ta huɗu a rukunin Boophilus ba, wato microplus. Wannan baƙuwa ce, asalinta Asiya, ta shigo Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka sayo daga Barazil. An gano ta a Kwaddibuwa a 2007, sannan Jamhuriyar Benin, Burkina Faso da Mali, daga baya aka tabbatar da ita a Najeriya. Ta fi decoloratus yawan ƙwai, inda ta shiga takan kore ta ta maye gurbinta, tana saurin gagarar magani, kuma tana ɗaukar Babesia bovis, wadda ta fi tsanani har takan taɓa ƙwaƙwalwa a ɗauka ciwon ruwan zuciya ne.

Huɗun nan ido ba ya raba su. Sai an kwantar da kaskar rigingine a ƙarƙashin madubi mai ninki 40 ko fiye, a ƙirga layukan haƙoran da ke jikin tsinken bakinta. Decoloratus layi 3 a kowane gefe, sauran ukun layi 4. Daga nan a koma kan namiji: annulatus ba shi da ɗan bindin da ke ƙarshen jiki, sauran suna da shi. Saura geigyi da microplus. A gaɓar farko ta marufin baki, ta ciki, geigyi tana da ɗan tudu mai gashi kamar yadda decoloratus take da shi, microplus kuwa wurin a loɓe yake ba gashi. Ka ga dalilin da ya sa na nace kan baki da maza. Kwalba cike da ƙosassun mata masu guntulen baki ba abin da za ta gaya wa mai bincike. Kai kuwa kana kusa: Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, kuma tana da sashen da ke wannan aiki. Kada a zuba samfurin a fomalin, wato ruwan da ake adana gawa da shi, domin yana lalata ƙwayoyin gado idan ana buƙatar gwajin tabbatarwa. Hotunan intanet kuma a yi hattara da su, yawancinsu kaskar Turai ce da Amurka, irin su Ixodes ricinus, waɗanda ba su ne ke jikin shanunmu ba.

Idan ka san irin, tsarin magani ya fito da kansa. Mai ruwan toka, tazarar feshi kada ta wuce kwana 21, gara ma 14 idan ta yi yawa, don a riske ta kafin ta faɗi. Allurar Ivomec da ire-irenta, mililita 1 ga kilo 50, tana rage ta, amma ba ta yin wani abin kirki a kan koti da Hyalomma. Su waɗannan, a farkon damina feshin mako-mako suke buƙata, kuma a nufi ƙasan ciki, hantsa, gindin wutsiya, kunne da kofato, ba gadon baya ba. Maganin feshi na amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 ana zuba mililita 2 a kowace lita ta ruwa, wato mililita 32 a tankin goyo mai lita 16. Babbar saniya tana cin lita 4 zuwa 5 kafin ta jiƙe har fata, don haka tanki ɗaya na shanu 3 ne zuwa 4. Wanda ya fesa wa shanu 15 tanki ɗaya bai kashe kaska ba, ya dai koya mata jure magani. A haɗa a yi amfani da shi a ranar, don idan ya kwana a ruwa ƙarfinsa yana raguwa. Kada a kusanto da amitraz jikin doki ko jaki, guba ne a gare su, kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a sha nono ko a yanka.

Ba na ba da shawarar a share kaska tas daga jikin maruƙan Bunaji. Maraƙin da ya haɗu da ƙwayar Babesia a watanninsa na farko, lokacin da yake da kariyar halitta, yakan tashi da juriya. Wanda aka tsare daga kaska gaba ɗaya, ranar da feshi ya tsaya yana babba, shi ne fitsarin jini ke kayarwa. Ruwa-biyu da tumakin da aka sayo daga nesa ba sa cikin wannan lissafin, su tsaro suke buƙata. Duk dabbar da ta fito daga Kara ta Bukuru ko wata kasuwa, a yi mata feshi ranar da ta iso, a ware ta mako 3 a turken da ba ya haɗe da wurin kiwo, a sake feshi kafin ta shiga garke, domin ta wannan hanya microplus ke shiga gona.

Idan ka gyara awo da yawan ruwa, ka jiƙa dabba yadda ya kamata, amma bayan kwana 3 zuwa 4 har yanzu kana ganin masu ruwan toka da rai suna ƙoshi, to lokacin kai samfuri ya yi, kashi biyu. Na farko cikin sifirit don gane iri, da maza a ciki. Na biyu ƙosassun mata masu rai, guda 20 ko fiye, daga dabbobin da ba a yi wa feshi kwanan nan ba, cikin roba mai 'yan hudoji a murfi da ɗan tsumma mai laima, ba sifirit, ba firiza, ba zafin rana. A kai su cikin kwana ɗaya ko biyu kafin su fara ƙwai, domin a kansu da kan 'ya'yan da za su ƙyanƙyashe ake gwada wane magani ne har yanzu yake ci.